Keke: Mai Gyara, Intanet, ko Gyaran Gida?

(Kiɗan buɗe fili)

Yau a filinmu na faɗakarwa zancen keke za mu yi. Ba A Daidaita Sahu ba, ba kuma keken ɗinki ba. Keken hawa nake nufi, mai ƙafa biyu, wanda ɗalibi ke zuwa makaranta a kansa, manomi ya ɗaura masa fartanya da buhun taki, mai sayar da itace ya loda masa kaya tun da asuba.

An yi wani lokaci da aka ɗauka yayin keke ya wuce. Babura 'yan China suka cika gari, duk wanda ya sami 'yan kuɗi sai ya jingine kekensa a zaure ƙura ta lulluɓe shi. Amma tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya ce an cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama aiki, lissafin kowane gida ya canza. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki kaɗan, kuma kafin 2024 ta ƙare ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da dama. Sai ga ma'aikata da malaman makaranta da ƙananan 'yan kasuwa sun koma zaure suna kakkaɓe tsofaffin kekuna, wasu kuma sun shiga cigiyar sababbi.

Sai dai kasuwar da suka tarar ba ita suka bari ba. A zamanin iyayenmu kekuna ba su da yawan iri. Akwai Raleigh na Ingila, wanda har masana'antarsa aka kafa a Kano, akwai Phoenix na China, akwai Hero da Avon na Indiya. Kusan duk ƙira ɗaya ce: baƙin keke mai birkin sandar ƙarfe da babbar kariya a baya. Tayar wannan ta shiga wancan, sarƙar wancan ta hau wannan, kuma duk ƙauyen da ka je akwai wanda ya san kansa. Yau kuwa ga 'yan Kwatano da aka yi amfani da su a Turai, ga na hannu 'yan Japan masu kwando a gaba, ga masu giya, ga masu birkin faifai irin na babur. Ga kuma waya a aljihu, wadda da ka latsa za ta nuna maka kekuna ɗari masu sheƙi, ta ce a kawo maka har ƙofar gida.

Shi ya sa mutane ke tambaya: in zan sayi keke ko kayansa, shagon unguwa zan je, ko intanet zan shiga? In ya lalace, mai gyara zan kai wa, ko ni ma zan iya da kaina?

Bari in faɗi ra'ayina tun yanzu, kada in ɓoye. Kafin ka sayi keke, fara sanin wanda zai gyara maka shi, da inda za a samo kayansa. Wannan ita ce tambayar farko, farashi da launi daga baya suke. Keken da babu mai iya taɓa shi a garinku, ko babu tayarsa a kasuwarku, ranar da ya tsaya ya tsaya ke nan, komai tsadarsa.

Mu fara da mutumin nan da ke zaune ƙarƙashin bishiyar dalbejiya a bakin titi, ko a rumfar kwano a gefen kasuwa, da akwatin kayan aikinsa da kwanon ruwan duba faci. Mutane da yawa sun raina sana'arsa, ni kuwa ina ganin babu wanda mai keke ke buƙata kamarsa. Abin da yake da shi, kunne ne da hannu. Zai ɗaga ƙafar baya ya juya ta, ya kasa kunne, ya ce maka boris ya ci. Zai riƙe birkin gaba ya girgiza keken, ya ce wuya ya yi lako-lako. Ba hoto ya gani ba, keken naka ya taɓa.

Ɗauki aikin daidaita ƙafar da ta karkace. Ƙafafun kekunanmu sifok ne ke riƙe da su, rabi suna jan rim ɗin zuwa dama, rabi zuwa hagu. Idan ɗaya ya tsinke ko ya saki, ƙafar za ta riƙa rangaji tana gugar birki. Gwanin gyara zai ɗaure wannan kaɗan, ya sassauta wancan kaɗan, yana juyawa yana kallo har ta miƙe. Wanda bai iya ba, in ya sa hannu, sai ya gyara nan can ya ɓaci, a ƙarshe a sayi sabon rim. Wannan ilimi ne na shekaru, kuma kuɗin da yake karɓa bai taka kara ya karya ba in aka gwada da asarar da ya kawar.

Haka sha'anin boris. Ƙananan ƙwallayen ƙarfen nan ba girma ɗaya ba ne. A kekuna irin namu, na ƙafar baya da na tsakiya inda feda ke juyawa yawanci rubu'in inci ne, na ƙafar gaba sun fi su ƙanƙanta, na wuya kuma sun fi duka. Mai gyara da ido yake gane su. Ya kuma san yadda ake ɗaure su: in an matse da yawa ƙafa ta yi nauyi boris ya farfashe, in an saki kuma ta yi wasa ta cinye mazauninta. Har tsohon Raleigh na asali yana da nasa zaren noti daban da na sauran kekuna a wasu wuraren, wanda in ka tilasta masa na wani, zaren ya mutu. Tsofaffin masu gyara sun san wannan tun suna yaran shago.

Sannan ya san ƙasarku. Ya san hanyar da tsidau ya yi yawa, ya san tayar da ke jure ta da wadda kwana kaɗan take yi. Ya san wane tub ne ke saki a gindin bawul. Kuma idan wata ya yi nisa aljihu ya bushe, shi ne zai ce maka, "Tafi da shi malam, ka kawo in an yi albashi." Babu manhajar da za ta yi maka wannan.

In sayen keke ne gaba ɗaya, amfanin zuwa shago ko kasuwa shi ne za ka hau ka gwada. Keke yana da girma kamar yadda mutane ke da tsawo. Tsaya da shi tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa biyu a ƙasa. Ya kamata a sami 'yar tazara tsakaninka da sandar sama. Zauna a sirdi ka sa dunduniya a kan feda tana ƙasa. Ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ka karkata ƙugu ba. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwa da saurin gajiya. Iyaye, ina roƙonku, ku daina saya wa yaro keken da ya fi ƙarfinsa da sunan zai girma ya tarar da shi. Yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa, yatsunsa ba su kai birki, ba shi da yadda zai yi ranar da mota ta ɓullo masa a kwana.

Idan na hannu ne, tafi da mai gyaranka ka biya shi ladan rakiya. Ku duba duk inda aka yi walda, ko akwai tsaga. Ku duba ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba, ko ya lanƙwashe baya. Ku shafa ƙarƙashin sandunan da ke haɗuwa da wuya, in fenti ya tattare ko ƙarfe ya yi ƙulu, keken ya taɓa yin karo gaba da gaba. Irin wannan a bar shi ko da an karya kuɗinsa. Ku kuma tambaya, jikin ƙarfe ne ko alminiyam? Na ƙarfe ya fi nauyi, amma in ya tsage mai walda na unguwa zai iya ɗinke shi. Na alminiyam ba ya tsatsa kuma ba shi da nauyi, sai dai in ya lanƙwashe aka ce za a miƙe shi, tsagewa yake yi, waldarsa kuma sai wurin da ke da injin musamman.

Ban ce duk mai gyara gwani ne ba. Akwai wanda duniyarsa guduma ce da ƙusa. A kan tsohon baƙin keke wannan yakan wuce, domin shi an ƙera shi da juriya. Amma keke mai giya na zamani yana da sassan da sai da makullinsu na musamman ake kwance su, kamar haƙoran baya da hannun feda. In aka sa musu guduma, an gama da su. Akwai kuma wanda zai sa maka jabu ya karɓi kuɗin mai kyau. Maganin wannan ba gudun masu gyara ba ne. Ka tambayi masu irin kekenka wa suke kai wa. Ku yi ciniki kafin a kwance noti ɗaya. Ka ce a ba ka tsohon abin da aka cire. Kuma in kana da hali ka zauna a kan benci ka kalli aikin, ka yi tambaya cikin ladabi. Mai gyara na ƙwarai ba ya jin haushin tambaya. In ya ce maka, "Wannan ba ni da makullinsa, kai wa wane a kasuwa," to ka riƙe shi da kyau, ka sami mai gaskiya.

(Kiɗa)

Masu saurare, har yanzu kuna tare da filin faɗakarwa, muna kuma zancen keke ne. Yanzu sai mu leƙa cikin waya.

Kasuwar intanet ba iri ɗaya ba ce, kuma rashin bambance ta na jawo asara. Akwai manyan shaguna irin Jumia da Konga, waɗanda suka fara aiki a Nijeriya a 2012. Su suna da tsarin karɓar oda da kawowa da mayar da kaya cikin wa'adin da suka gindaya. Akwai dandalin talla irin Jiji da kasuwar Facebook, inda kowa ke kafa hajarsa, cinikin kuma tsakaninka ne da mai kayan kai tsaye. Akwai na ƙetare irin AliExpress da Temu, inda kaya ke tasowa daga China su yi makonni a hanya. Sai kuma mai talla a WhatsApp ko Instagram, wanda wani lokaci lambar waya kawai ka sani game da shi.

Intanet tana da ranarta, ba na musu. Wanda ke da keke ɗan Turai a garin da ba a saba da irinsa ba, wataƙila can ne kawai zai sami robar birkin faifai, ko sarƙar da ta dace da giyarsa, ko makullin da ko mai gyaran garin ba shi da shi. Fitilar caji, hular kwano, famfo mai agogo, duk ana samu, kuma mutum na iya gwada farashin wuri biyar yana zaune a tabarmarsa. Amma sharaɗinta ɗaya ne: sai ka san ainihin lambar abin da kake nema. A shago, kuskure na mintuna biyar ne, ka koma a canza. A intanet kuskure na makonni ne, da kuɗin mota zuwa da dawowa.

Ku ɗauko biro da takarda, domin abin da zan faɗa yanzu shi ya fi cin kuɗin mutane. Taya biyu na iya ɗaukar lamba 28 a jikinsu, amma ɗaya ba ta shiga rim ɗin ɗaya. Tayar baƙin kekenmu na gado, wadda aka rubuta wa 28 x 1½, faɗin bakinta milimita 635 ne. Tayar kekunan Turai da su ma ake kira 28, ko 700C, bakinta milimita 622 ne. Bambancin milimita 13 kacal, amma ko za ka kwana kana fama ba za ta zauna ba. Haka lamba 26. Ta keken hawan dutse mai kaurin taya 559 ce. Ta yawancin 'yan Japan masu kwando, wadda aka rubuta wa 26 x 1⅜, ita 590 ce. Akwai kuma 27 mai 630, da 27.5 mai 584.

To, yaya za ka tsira? Duba gefen tayar da ke kan kekenka. Ban da lambar inci, za ka ga wasu lambobi biyu da ɗan layi a tsakaninsu, misali 40-635, ko 37-590, ko 50-559. Ta farko kaurin tayar ce, ana iya ɗan sauya ta kaɗan. Ta biyu, mai lamba uku, ita ce faɗin baki, kuma dole ta zo daidai. Zan maimaita: lamba ukun ƙarshe, ita za ka nema. In mai talla bai rubuta ta ba, ka tambaye shi ya ɗauko maka hoton gefen tayar. In ya ƙi, ka wuce.

Bawul ma iri uku ne. Akwai namu na da, mai 'yar roba a ciki wadda ake canzawa in ta mutu. Akwai mai kauri irin na mota da babur, wanda kowane mai faci zai iya ba shi iska. Akwai kuma siriri dogo mai ɗan noti a ka, na kekunan tsere, wanda ramin rim ɗinsa ƙarami ne, kuma famfonsa ko mahaɗinsa daban. Sarƙa ita ma haka: ta keke marar giya ta fi faɗi, mai faya-fayan haƙora 6 ko 7 ko 8 a baya sarƙa ɗaya suke amfani da ita, daga 9 zuwa sama kuwa kowanne da tasa, tana ƙara sirancewa. Ƙirga faya-fayan haƙoran bayan kekenka kafin ka yi oda. Kuma ka sani sunan Shimano, kamfanin nan na Japan, ana buga shi a kan kwalayen jabu da yawa. In ka ga farashin ya faɗi warwas ƙasa da na kowa, akwai dalili. Araha ba ta ado.

Sayen cikakken keke ta intanet kuwa, a nan ne nake jan kunne sosai. Keken ba a haɗe zai zo ba, a kwali zai zo: ƙafar gaba a cire, kai a cire, feda da sirdi a leda, birki da giya ba a daidaita ba, wani lokaci giris ɗin da ke cikin boris ɗan shafe ne kawai. Wurin ɗaura feda kaɗai mutane da yawa sun yi ɓarna, domin fedar hagu zarenta a juye yake, hagu ake murɗa ta ta ɗauru. Akwai harafin L a ta hagu, R a ta dama. Wanda bai sani ba zai tilasta ta, zaren ya lalace tun keken bai taka ƙasa ba. Ƙarshenta dai wurin mai gyaran unguwa za a kai shi. Saboda haka in kana lissafi, ka haɗa da kuɗin kawowa da kuɗin haɗawa, sannan ka gwada da farashin kasuwa.

Kada kuma hoto ya ruɗe ka. Kekunan nan masu araha da aka yi wa sifirin gaba da baya, suna kama da babur, ga giya 21, su yara suka fi so. Nauyi ne da su, sifirin ɗin na shanye ƙarfin tuƙi, ba su da wurin ɗaura kariya mai ƙarfi, kuma sassan da za su lalace sun ninka. Mutumin da ke tasowa daga Gezawa zuwa Kano, ko daga ƙauye zuwa kasuwar Maraɗi, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yake tafiya. Giya ɗaya ta ishe shi, in ya so uku. Wanda ke Jos ko wani wuri mai hawa da gangara, shi ne giya za ta yi wa rana.

Batun kuɗi kuma, ƙa'idar a taƙaice take. A dandalin talla, kada ka tura ko sisi kafin ka ga kaya da idonka. Ku haɗu da rana, a wurin da jama'a suke, ka tafi da wani. A manyan shaguna, in akwai zaɓin biya bayan an kawo, ka zaɓe shi, ka karanta sharaɗin mayarwa, ka buɗe kwali da wuri kada wa'adi ya wuce. A Nijeriya akwai hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tana karɓar koke, amma koke sai da shaida. Ajiye rasit da saƙonnin cinikinku.

(Kiɗa)

Saura abin da ya rataya a wuyanka kai mai keke. Yawancin abin da ke kai keke wurin mai gyara, sakaci ne na abubuwa ƙanana da ba su fi ƙarfin kowa ba, namiji ko mace, babba ko ɗan sakandare.

Na farko iska. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana sa tuƙi nauyi, gefenta ya tsattsage, kuma da ka faɗa rami rim zai cije tub ya yi masa huda biyu a jere kamar saran maciji. In ka ga irin wannan huda, ba ƙaya ba ce, ƙarancin iska ne. An rubuta adadin iskar da taya ke so a gefenta. In ba ka da famfo mai agogo, matsa da babban yatsa. Ta gagari yatsanka. Mai ɗaukar kaya ya fi kowa buƙatar kula da ta baya. Famfo shi ne abu na farko da ya kamata ya shiga gidan mai keke.

Na biyu sarƙa. Ƙasarmu ƙasar ƙura ce, musamman da hunturu. Mai da ƙura in suka haɗu suna zama abin da ke cin ƙarfe a hankali, don haka yawan mai ba gata ba ne. Goge sarƙar da tsumma, in ta yi dauɗa sosai ka wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ta bushe. Sannan ka ɗiga mai kaɗan a kowace gaɓa kana juya feda baya, ka bar shi ya shiga, ka sake goge na waje tas. Man da ke ciki shi ke aiki, na waje ƙura kawai yake kira. Man keken ɗinki ko sabon man inji ya wadatar. Baƙin man da aka juye daga mota ɗauke yake da dattin inji, man gyaɗa da manja kuma daskarewa suke yi su kama gaɓoɓin. Da damina, in ruwa ya doke ku, ka goge ka sa mai a ranar, kada ka bari tsatsa ta kwana.

Za ka iya auna lafiyar sarƙarka da rular 'yan makaranta, gefen inci. Tsakanin kowace ƙusar sarƙa da mai bi mata rabin inci ne. Ɗora farkon rula a tsakiyar wata ƙusa; a sabuwar sarƙa, wata ƙusar za ta faɗo daidai kan inci 12. In ta zarce da kamar milimita ɗaya da rabi, lokacin canji ya yi. In ta zarce da milimita 3, ta riga ta cinye haƙora, sai an canza su tare. Canza sarƙa a kan kari ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba.

Na uku birki, kuma wannan batun rai ne. Kullum kafin ka hau, matsa na gaba, matsa na baya. Robar birki in ta cinye har ƙarfe ya kusa fitowa, canza ta. Abu ne mai araha. Ta zauna a kan rim daidai, kada ta taɓa taya. Kebur ɗin da ya fara warwarewa kada ka jira ya tsinke. Kada mai ya taɓa rim ko roba ko faifai. Ku kuma sani, rim na ƙarfe mai sheƙi in ya jiƙe birki ba ya kama shi da wuri, don haka a rage gudu in ana ruwa. Yaran da ke tsayar da keke da silifa a kan taya, iyaye ku dube su, wannan ba gwaninta ba ce. Bayan birki, bi notocin ƙafafu da na kai da na sirdi da na kariya, ka tabbata babu mai motsi.

Faci ma ana iya yi a gida, kuma wanda ke bin hanyar daji dole ya iya. Kada ka zare taya da sukudireba, zai ƙara wa tub huda. In babu abin zarewa na roba, bayan cokali ya fi. Hura tub ka tsoma a ruwa ka ga inda yake kumfa. Busar da shi, ka kankare wurin da samfefa, ka shafa sholisho siriri, sannan ka jira ya sha iska har ya daina sheƙi kafin ka manna. Gaggawa a nan ce ke sa faci ya tashi. Kafin ka mayar, bi cikin tayar da yatsa a hankali ka zare ƙayar da ta jawo abin, in ba haka ba za ta sake hudawa kafin ka kai bakin titi. Shi kuma sholisho, a rufe shi a ɓoye inda yara ba za su kai ba. Duk mun san yadda wasu matasa ke shaƙarsa, yana kuma lalata ƙwaƙwalwa. Masu sayarwa, ku dubi wanda kuke miƙa wa.

Kayan aikin da wannan duka ke buƙata ba su da yawa: famfo, sifana mai lamba 10 da mai 15, filaya, alanki 4 da 5 da 6 ga masu keken zamani, kayan faci, da tsumma. Mai waya zai iya kallon bidiyon gyara a YouTube. Ko da Turanci ake yi, ido na ɗaukar abin da hannu ke yi.

Amma ka san inda za ka tsaya. Daidaita ƙafa, buɗe boris na tsakiya ko na wuya, birki mai amfani da mai, ƙarfen gaba da ya lanƙwashe, tsaga a jikin keke, waɗannan na mai gyara ne. Ko da babu abin da ya lalace, ka kai masa keken a ƙarshen damina ya buɗe ya wanke ya sa sabon giris, domin ruwa da yashi sun shiga inda ido ba ya gani. In kuwa ka sayo wani abu a intanet ka kawo masa ya ɗaura, ka biya shi ladan aikinsa cikakke ba tare da ƙorafi ba, tunda ribar kayan ta wuce shi. Mafi kyau ma, ka nuna masa hoton da lambar kafin ka tura kuɗi.

Abu na ƙarshe, tunda keke ya yi daraja ɓarayinsa ma sun ƙaru. Yawancin kekuna suna da lamba da aka buga a jikin ƙarfensu, galibi a ƙarƙashi, inda feda ke juyawa; a wasu tsofaffin kuma tana kusa da gindin sirdi. Yau in ka koma gida, kifa keken ka nemo ta, ka rubuta a takarda, ka ɗauki hotonta da na keken gaba ɗaya. In za ka sayi na hannu, a rubuta wannan lamba a rasit, da sunan mai sayarwa da shaidu biyu. In ka ga an kankare lambar, ko mai kayan ya ƙi a rubuta, mayar da kuɗinka aljihu.

Masu saurare, lokaci ya cim mana. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe fili)